Ciwon da Ke Ɓuya a Bayan Kwanon Tuwo: Lacca a Birnin Katsina

 



An nemi in yi magana a kan cututtukan da ke ɓata tsakanin mutum da abincinsa, da kuma hanyar maganin da ake kira gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CBT. Na san abin da wasunku suka raya a zuci da suka ji taken. A Katsina? A garin da uwaye ke kwana a Ƙofar Sauri rungume da jarirai masu tamowa, za a tara jama'a a yi musu lacca kan waɗanda abinci ke gabansu suna ƙin ci? Mai wannan tambaya yana da hujja. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na wannan jiha cikin watanni shida na farkon shekarar. Wannan shi ne babban ciwonmu, kuma ba wanda zai sauke shi daga sahun gaba. Sai dai samuwarsa ba ta kore ɗayan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da cututtukan cin abinci, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. Wasunsu suna cikin ɗakunan kwanan makarantunmu, wasu suna cikin gidajen aure, kuma abin da ya sa ba mu ganinsu shi ne mun riga mun raɗa wa ciwonsu wasu sunaye. Mu ce ulsa ce, mu ce iska ce, mu ce sammu ne, in mun gaji mu ce iyayi ne.

Manyan cututtukan uku ne. Akwai anoreksiya, inda mutum ke ƙuntata wa kansa abinci har ya rame ramar da ke barazana ga rayuwa, mace ta daina ganin al'adarta, ta riƙa jin sanyi ko a watan Afrilu. Akwai bulimiya, inda ci ke ɓarke wa mutum, ya cinye abinci mai yawa cikin ɗan lokaci ba tare da ya iya tsayar da kansa ba, sannan ya nemi fitar da shi ta hanyar janyo amai, ko shan maganin wankin ciki, ko hana kansa abinci washegari. Ta uku ita ce ɓarkewar ci ba tare da amai ba, wadda sai a 2013 littafin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka ya ware ta a matsayin cuta mai zaman kanta, alhali ta fi sauran biyun yawa. Akwai kuma cin abin da ba abinci ba, kamar farar ƙasa da masu juna biyu ke tauna, wanda sau da yawa yana tafiya tare da ƙarancin jini, amma wannan zance ne na wata rana. Mata sun fi kamuwa, maza ma suna kamuwa, kuma sun fi mata ɓoyewa.

A 1873 ne likitoci biyu, William Gull a Landan da Charles Lasègue a Faris, kowa a nasa ɓangaren, suka yi bayanin anoreksiya. Ita kuwa bulimiya sai a 1979 Gerald Russell ya fayyace ta a Landan. An daɗe ana ɗauka cewa ciwon 'yan matan Turawa ne masu hali. Abubuwa biyu da suka faru nesa da Turai sun rushe wannan zato, kuma dukansu sun shafe mu.

Na farko a tsibirin Fiji ne. Mutanen can, kamar kakanninmu, suna son mace mai jiki, kuma rama abin damuwa ce a wurinsu. A 1995 talabijin ta isa wani yanki mai suna Nadroga. Wata likita daga jami'ar Harvard, Anne Becker, ta tambayi 'yan matan sakandare a shekarar, ba ta sami ko ɗaya da ta ce tana janyo amai don rage nauyi ba. Da ta koma a 1998, kimanin 11 cikin 100 suka ce suna yi. Shekara uku kacal, kuma talabijin ce da ake kallo a falo tare da iyaye. Mu yau wayar tana ƙarƙashin matashin kai, TikTok da Instagram ba su da lokacin rufe tasha.

Na biyu a Hong Kong ne, inda likita Sing Lee ya lura cewa da yawa daga cikin masu anoreksiya da ke zuwa wurinsa ba su taɓa cewa suna tsoron ƙiba ba. Cewa suke yi cikinsu na kumbura, abinci ba ya wucewa, ba su jin yunwa. Ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure, ina roƙon ku riƙe wannan. Yarinyar Katsina ba lallai ta zauna gabanka ta ce "ina tsoron in yi ƙiba" ba. Za ta ce ƙirjinta na zafi, ta ce in ta ci sai ya taso mata. Sai a rubuta mata maganin ulsa wata da watanni, a yi gwajin taifod, a ƙara mata ruwa, a sallame ta, ba wanda ya tambaye ta yadda take ci daga safe zuwa dare.

Halin da 'ya'yanmu suke ciki ya ɗan bambanta da na Turai, domin daga gefe biyu ake ja musu igiya. A gefe ɗaya akwai tsohuwar al'ada. Amarya ta zo ganin gida, abin da gwaggo za ta fara dubawa shi ne wuya da kumatu: "Ke, ya na ga kin rame? Ba ya ba ki abinci ne?" Maƙwabtanmu Larabawan Azawak da ke arewacin Nijar sun kai abin matuƙa, suna ɗura wa 'yan mata kunu da nono tun suna ƙanana don su yi ƙiba kafin aure, kamar yadda Rebecca Popenoe ta rubuta a littafinta na 2004. Mu namu ɗurar ta koma ƙwaya, wato sha-ka-fashe, wanda galibi dexamethasone ne da cyproheptadine. Na farkon magani ne mai ƙarfi da ke kumbura fuska, ya jawo ciwon suga da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki, kuma wadda ta daɗe tana sha in ta yanke shi rana ɗaya ba da shawarar likita ba tana iya faɗuwa. A ɗaya gefen kuma ga sabon yayi, ciki a shafe, ƙugu siriri, ga shayin rage tumbi da ɗamarar matse ciki ana talla a waya. Shan sha-ka-fashe shi kaɗai ba ya cikin cututtuka ukun da na ambata, amma tushensu ɗaya: yarinya ta yarda cewa darajarta tana ga siffar jikinta.

Bari mu matsa kusa. Mu ƙaddara ɗaliba ce 'yar shekara 19 a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan. A wurin wani biki, telan da ke gwada ta ya ce sai an ƙara yadi, ƙawaye suka yi dariya. Ta koma ɗaki ta kafa wa kanta dokoki: ba tuwo, ba shinkafa, ba abin da aka soya, ba ci bayan Magariba. Da safe ruwan zafi da lemun tsami. Da rana kokwamba. Ta yi lacca uku da ciki wayam, kanta na sarawa. Wajen ƙarfe tara na dare wata ta miƙo mata awara guda ɗaya. Ta ci. Nan take zuciyarta ta ce, ai kin riga kin ɓata yau, gobe kya sake sabon lale. Sai ta fita ta sayo indomi biyu da ƙwai, da burodi, da lemun kwalba, ta haɗa da ragowar cincin da aka aiko mata daga gida, ta cinye a tsaye cikin minti ashirin, ba ta ma jin ɗanɗano. Da ta dawo hayyacinta kunya ta rufe ta. Ta ɗauki buta ta shiga bayi, ta bar famfo na zuba don kada a ji, ta sa yatsa a maƙogwaro. Ta kwanta tana kuka, ta yi alkawarin gobe ko kokwambar ma ba za ta ci ba.

Idan wannan ya riƙa faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata uku, likitoci suna kiransa bulimiya. Ku lura, nauyinta yana iya zama daidai, shi ya sa uwarta za ta yi shekaru ba ta gane ba. Abin da ke tona asiri ƙanana ne: haƙora suna zaizayewa saboda tsamin ciki, gefen muƙamuƙi yana kumbura, bayan yatsu yana yin kanta inda haƙora ke gogawa, kuma kullum aka gama ci sai ta tashi ta nufi bayi. Haɗarin da ba a gani shi ne amai da wankin ciki suna zubar da sinadarin fotasiyam, in kuwa ya yi ƙasa sosai bugun zuciya yana rikicewa, har ta tsaya.

Ita a ganinta ciwonta shi ne zari da rashin iya kame kai, don haka maganinsa ta ƙara tsananta doka. A nan ta juya lissafin. Yunwar da ta ɗora wa kanta da rana ita ce ke haifar da ɓarkewar dare. Wanda ya nutse a rafi ya riƙe numfashi, in ya ɗago dole ya yi haki, ba kuma wanda zai ce masa yana da zarin iska. Akwai gwajin da ya tabbatar da haka. A 1944 zuwa 1945, a jami'ar Minnesota ta Amurka, Ancel Keys ya ɗauki samari 36 lafiyayyu, aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har tsawon wata shida, suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Maza ne da ba ruwansu da madubi, amma sai ga su ba su da zance sai na abinci, suna tara littattafan girki, suna wasa da loma ɗaya na tsawon lokaci, suna saurin fushi, suna guje wa mutane. Da aka sakar musu abinci, wasunsu suka riƙa ci har su yi rashin lafiya. Ma'ana, da yawa daga cikin abin da muke gani a matsayin mugun hali ko shafar aljanu a jikin yarinya, aikin yunwa ne a ƙwaƙwalwa.

A kan wannan fahimta aka gina maganin. Asalin hanyar daga Aaron Beck ne, likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar Pennsylvania, wanda a shekarun 1960 ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba sallama, suna gaskata su ba bincike, kuma in aka koya musu tantance su sai yanayinsu ya sauya. Malamanmu kada su ɗauka baƙon abu ne. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus, ya shawarci mutum ya tanadi lafiyayyun tunane-tunane lokacin da hankalinsa ke kwance, don ya tunkari munanan da su ranar da suka taso. Shehin malamin nan na Sudan, Malik Badri, shi ya fassara wannan ɓangare zuwa Ingilishi. Wanda ya ɗauki hanyar Beck ya daidaita ta da cututtukan ci shi ne Christopher Fairburn na jami'ar Oxford, tun daga 1981, sannan a 2008 ya fitar da ingantaccen tsarin da ake kira CBT-E, wanda ya haɗa duka cututtukan uku.

Tsarin zama 20 ne cikin mako 20, kowane zama kimanin minti 50. Ga wanda ya rame ƙwarai ana kai shi zama 40. A wata na farko ana haɗuwa sau biyu a mako, don a kama abin da zafinsa. Ba a ɓata lokaci wajen tonon wa ya jawo. Tambayar da ake bi ita ce, mene ne ke riƙe da ciwon a yau?

Aikin farko takarda ce da biro. Ɗalibarmu za ta rubuta duk abin da ya shiga bakinta, da lokacin, da wurin, da ko ta ji ci ya ƙwace mata, da ko ta yi amai, da abin da ke ranta a daidai lokacin. Ba da dare za ta zauna ta tuno ba, nan take za ta rubuta. Wannan ya fi komai yi wa 'ya'yanmu nauyi, domin an tarbiyyantar da mu a kan kunyar ci, budurwa ba ta cin abinci a gaban baƙo, amarya ba ta ci a gaban surukai. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan mako guda, ita da mai yi mata magani za su shimfiɗa takardun, sai ta gani da idonta cewa duk daren da ci ya ɓarke, ranar ce ta wuni ba ta ci komai ba, ko kuma ranar da ta yi waya da gida aka ɓata mata rai.

Aiki na biyu shi ne ginshiƙin maganin gaba ɗaya: ci a kan ƙa'ida. Sau uku babban ci, sau biyu ko uku ɗan taɓawa, kada tazarar ta wuce awa huɗu, ko tana jin yunwa ko ba ta ji, domin a wannan mataki cikinta ya daina faɗa mata gaskiya. Ba a buƙatar wani abincin kanti. Koko da ƙosai bayan Asuba, gyaɗa ko ayaba da hantsi, ɗanwake ko shinkafa da wake bayan Azahar, fura da La'asar, tuwo da miyar kuka bayan Isha'i. Mu ma mun yi sa'a, lokutan salla sun riga sun yanka mana yini, ba sai an sa agogo ba. Za ta ce, "Anti, wallahi in na ci haka fashewa zan yi." Sai a ce mata, "Ƙanwata, kada ki yarda da ni, kada kuma ki yarda da tsoronki. Mu gwada mako biyu, mu hau sikeli mu gani." Ana auna nauyi sau ɗaya tak a mako, a ɗakin magani, a zana shi a takarda, a koya mata cewa nauyi yana hawa da sauka da kilo ɗaya ko fiye saboda ruwa da al'ada da bayan gida, don haka awon rana ɗaya ba ya nufin komai. A yi mata bayani kuma cewa amai ba ya fitar da fiye da kimanin rabin abin da aka ci, maganin wankin ciki kuwa ruwa kawai yake zubarwa, abincin ya riga ya shige jiki. Mutane da yawa, da wannan mataki kaɗai, ɓarkewar cinsu take raguwa sosai cikin makonni kaɗan.

Daga nan sai a tsaya a duba abin da aka samu da abin da ya ƙi, sannan a shiga babban aiki, wato tunanin da ke ƙarƙashi. Mai magani zai zana da'ira ya ce ta raba ta gwargwadon abubuwan da take auna kanta da su. Sau da yawa za ka ga jiki da nauyi sun cinye fiye da rabi, karatu da ibada da zumunci da sana'a sun matsu a lungu. Aikin biyu ne: a rage wancan yanki, a faɗaɗa sauran. Ta koma hadda da ta bari, ta koma ɗinkin da take so, ta je sunan da take gudu don kada a kalle ta. A lissafa sau nawa take tsayawa gaban madubi, sau nawa take matsa cikinta da yatsu, sau nawa take gwada kanta da matan waya. Ana ba ta aikin gida mai sauƙi: ta zauna a bakin ƙofar makaranta, ta dubi kowace mace ta uku da ta wuce, ba wadda idonta ya zaɓa ba. Sai ta tarar jikin matan Katsina iri-iri ne, kuma da ma can da 'yan ƙalilan take gwada kanta.

Dokokin ci ma ana karya su ɗaya bayan ɗaya, da gangan, da rana tsaka. Ta rubuta abincin da ta haramta wa kanta daga mai sauƙi zuwa mai ban tsoro. Wannan mako waina biyu a gaban ƙawa, mako mai zuwa alkaki guda. Ta rubuta abin da take tsammanin zai faru, sannan ta rubuta abin da ya faru. Haka kuma in ta ce "yau ina jin na yi ƙiba", sai a tambaye ta, me ya faru awa guda kafin wannan ji? Sau tari za a tarar kaɗaici ne, ko zafin gari, ko faɗuwa jarrabawa, ko maganar kishiya. Zama uku na ƙarshe, waɗanda ake yi mako bibbiyu, na shirin gaba ne: wane hali ne zai iya maido da ciwon, kamar biki ko haihuwa ko jarrabawa, kuma me za ta yi a ranar farko da ta ga alama.

Yana aiki? A gwajin da Fairburn da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 kan marasa lafiya 130 waɗanda ba su rame ƙwarai ba, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka yi wa CBT-E sun fita daga ciwon a ƙarshen magani, a ɗaya hanyar da aka gwada kuwa kashi ɗaya cikin uku ne. A Copenhagen ta ƙasar Denmark, a 2014, an gwada wata biyar na wannan hanya da shekara biyu na hanyar tonon tarihin zuciya: bayan shekara biyu, 44 cikin 100 na rukunin farko sun daina ɓarkewar ci da amai, na biyu 15 cikin 100. Waɗannan alƙaluma suna da kyau, amma su ma suna nuna cewa akwai da yawa da ba su warke a zagayen farko ba. Duk wanda ya ce muku yana da maganin da ba ya kuskure, ku riƙe aljihunku.

Anoreksiya ta fi taurin kai, kuma tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Masu ita suna mutuwa fiye da tsaransu da kusan ninki biyar zuwa shida, kuma kimanin ɗaya cikin biyar na waɗannan mace-mace kashe kai ne. Wadda ta rame matuƙa, gadon asibiti take buƙata kafin zaman magana. Kada kuma a danne ta a ɗura mata abinci a gida, domin jikin da ya daɗe cikin yunwa in aka cika shi farat ɗaya sinadaran jini suna rikicewa, zuciya ta gaza. Ma'aikatanmu da ke jinyar tamowa sun fi kowa sanin wannan, shi ya sa suke farawa da madara ta musamman kaɗan-kaɗan. Ga yara da matasa masu anoreksiya, abin da hukumar NICE ta Ingila ta sa a gaba a ƙa'idojinta na 2017 shi ne magani tare da iyali, tsarin da ya samo asali daga asibitin Maudsley na Landan, inda ake ɗora wa iyaye alhakin ciyarwa, ba tare da zarginsu ba. Wannan ya dace da mu ƙwarai, mu da muke ci a kwano ɗaya. Ƙwaya kuwa, akwai wadda ke taimaka wa mai bulimiya, amma ba a dogara da ita ita kaɗai.

Yanzu ga wata magana da littattafan Oxford ba su yi mana aikinta ba, sai mu da kanmu: azumi. Mai wannan ciwo tana iya fakewa da Litinin da Alhamis, ta ƙara da kwana uku na tsakiyar wata, gida na yaba mata, alhali abin da ke ranta sikeli ne. Ramadan kuma, wuni ba ci sannan tire cike da ƙosai da kunu da dankali da Magariba, shi ne ainihin yanayin da ke tayar da ɓarkewar ci. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma kowa a nan ya san shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, ta kwaɗaitar da sahur, ta kuma hana haɗa azumin kwana biyu ba buɗa-baki. Abin da nake roƙo shi ne likita da malami su yi magana da juna a kan mutum ɗaya. In likita ya tabbatar azumi zai cutar da ita a bana, kalma ɗaya daga bakin malamin da take girmamawa ta fi zama goma a ɗakinmu. Addu'a da ruƙya ba su hana zuwa asibiti ba. Abin da ke cutarwa shi ne a shekara ana hayaƙi da rubutu, yarinya na ƙarewa, ba a taɓa auna bugun zuciyarta ba.

Wa zai yi wannan aiki? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma wasu na ta ficewa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, wadda aka bayyana a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma doka ba ta zama a ɗaki ta saurari yarinya. In muka ce sai ƙwararru sun wadata, jikokinmu ma ba za su gani ba. Wasu sun nuna hanya. A Pakistan, Atif Rahman ya koya wa ma'aikatan lafiya mata na karkara dabarun CBT don jinyar damuwar masu jego, sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna ta yi aiki. A Zimbabwe, Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. A nan gida, tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta. Ga bulimiya da ɓarkewar ci a manya, matakin farko da NICE ta ba da shawara shi ne littafin taimakon kai tare da ɗan jagorancin ma'aikacin lafiya. A ganina wannan shi ne abin da ya fi kusa da hannunmu. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, muna da Al-Qalam, muna da makarantun koyon jinya, muna da masana Hausa. Me zai hana a zauna a rubuta irin wannan jagora da Hausa, da boko da ajami, da misalan tuwo da fura, a kuma naɗe shi da murya don wadda ba ta karatu?

Ma'aikatan lafiya, ku ƙara tambaya biyu a kan waɗanda kuka saba yi wa mai ulsar da ta ƙi jin magani: "Kina janyo amai da kanki?" da "Ci yana ƙwace miki har ki kasa tsayawa?" Ku yi su bayan kun nemi mai rakiya ta ɗan ba ku wuri. Masu kemis, ku ji tsoron Allah a kan dexamethasone. Gwaggonni da innoni, ku rage sharhi kan jikin 'ya'yan mutane a gidan biki, na ƙiba da na rama duka.

Iyaye mata, in kin ga alamun da na lissafa, kada ki tara 'yan gida a kanta, kada ki yi mata gori da masu kwana da yunwa, ta riga ta fi ki jin wannan kunyar. Ki same ta ita kaɗai ki ce, "'Yata, na ga kina wahala da abinci, ba faɗa zan yi miki ba, gobe mu je a duba ki." In kuwa tana suma, ko zuciyarta na bugawa ba daidai ba, ko akwai jini a amanta, ko ta fara zancen gara ta mutu, to ba a jiran gobe. Ku kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko babban asibiti mafi kusa, ku faɗa wa likita duk abin da kuka gani, ku nemi a haɗa ku da ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. In ana buƙatar turawa gaba, akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.